Darasi: Idan Ruwa Ya Shigo Gida, Me Za Mu Ɗauka?

'Yan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi kowane gida a yankin Bodinga da Shagari, musamman masu zama kusa da fadama da bakin gulbi. Zai yi kyau a karanta shi tare, a taron zumuntar mata, ko na matasa, ko bayan sujada, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Abin da ya riga ya faru

A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, gulbin Rima ya cika ya batse. Ƙauyuka da gonaki masu yawa a Goronyo, Kware da Wamakko sun nutse, har gadar da ke kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta karye. A 2012 hukumar NEMA ta ce ambaliya ta kashe mutum 363 a Najeriya, ta raba fiye da mutum miliyan 2 da gidajensu. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta fashe, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare, mutane suna barci.

Yawancin gidajenmu na ƙasa ne. Idan ruwa ya kwanta a gindin bango, ƙasar takan jiƙe, ɗakin ya rufta ba tare da gargaɗi ba. A irin wannan dare babu lokacin dogon tunani. Saboda haka ba ranar ambaliya ake zaɓen kaya ba. Tun ran gini ran zane. A yanke shawara yanzu, kafin manyan ruwayen Agusta.

Tambayoyi uku a kan kowane kaya

Duk lokacin da na tambayi jama'a a taron koyarwa abin da za su fara ɗauka, maza sukan ce babur ko buhun gero, mata su ce kayan ɗaki, matasa kuma talabijin. Duk suna da daraja. Amma a gwada kowanne da waɗannan tambayoyi:

1. Idan na rasa shi, ran wani zai shiga haɗari?
2. Za a iya sake samunsa a kasuwa?
3. Mutum ɗaya zai iya tafiyar awa guda da shi, yana riƙe da yaro?

Abin da rai ya dogara da shi, da abin da kuɗi ba ya saye, su ne a gaba, muddin ba su da nauyi.

Na farko: mutane

Kafin a taɓa kowane kaya, a ƙirga mutanen gida. A raba aiki tun yau: wa zai goya jariri, wa zai riƙe hannun kaka, wa zai taimaki mai ciki, makaho ko gurgu? A zaɓi tudu ɗaya da kowa ya sani, ko makarantar firamare, ko majami'a idan tana wuri mai tsayi, domin wanda ya ɓace ya san inda zai nufa. A ƙwanƙwasa wa maƙwabta ƙofa, Kirista da Musulmi, gama ruwa ba ya tambayar addinin mai gida.

Na biyu: jakar gaggawa

Kowane gida ya tanadi jaka ɗaya, a rataye ta kusa da ƙofa. A cikinta a sa:

Takardu. Takardar haihuwa, takardar NIN, katin zaɓe, takardun makaranta, takardar gona ko fili, takardar aure, katin baftisma, katin rigakafin yara da katin awon ciki. A naɗe su cikin leda biyu, a ɗaure baki sosai. A ɗauki hotonsu a waya, a tura wa ɗan'uwa amintacce a wani gari. Lambar NIN da ta BVN kowacce lamba 11 ce. A rubuta su a ƙaramin littafi tare da lambobin wayar dangi.

Magani. Masu hawan jini, ciwon suga, farfaɗiya, tarin fuka ko ƙanjamau su ajiye maganin aƙalla mako guda. Maganin tarin fuka na wata 6 ne, yanke shi a tsakiya yana sa cutar ta ƙi jin magani.

Kuɗi. Takardun naira 100 zuwa 1,000 suna lalacewa a ruwa, sai a sa su cikin leda. Ma'ajin adashe ko na ƙungiya ya haɗa da littafin lissafi.

Iri. Mudu ɗaya ko biyu na irin gero, dawa da wake, da irin albasa na noman rani, a cikin gorar roba busasshiya mai murfi. Buhun hatsi yana ciyar da gida na makonni, amma iri shi ne abincin baɗi.

Sauran ƙananan kaya. Tocila, waya da caja, ashana, sabulu, gidan sauro, zane da rigar sanyi ta yara, ƙaramar tukunya, da abincin kwana 3 wanda ba ya bukatar wuta, kamar garin kwaki, ƙuli-ƙuli da gyaɗa. A sa sukari da gishiri kuma. Ambaliya tana haɗa ruwan masai da na rijiya, gudawa da amai su biyo baya. Cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce suna ceton yaro kafin a kai asibiti.

Wannan jaka ita ce kuma za ta yi amfani idan gobara ta tashi, ko idan rashin tsaro ya sa a bar ƙauye cikin hanzari.

Na uku: dabbobi da kayan sana'a

Akuya ko sa da aka bari a turke ba shi da hanyar tsira. Idan babu lokacin kora su tudu, a kwance igiya. Idan an ji gargaɗi tun da rana daga rediyo, ko daga NiMet da SEMA, a kwashe hatsi, kan keken ɗinki, injin ban ruwa da babur zuwa gidan dangi a tudu. Takin zamani da maganin ƙwari a ɗora su sama, kada su gurɓata ruwan sha.

Abin da za a bari

Gado, katifa, kujeru, kwallaye da manyan buhuna. Na san kayan ɗaki su ne ajiyar mace, iyayenta sun sha wahala kafin su haɗa su. Duk da haka kwalla ana sake saya, uwar yara kuwa ba a sayenta. In da rai da rabo.

Nauyi yana kashewa. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce. A ɗauki ƙananan gorori, a raba wa kowa. Ruwa mai gudu da ya wuce idon sawu kaɗan, kamar santimita 15, yana iya kayar da babban mutum, balle mai kaya a ka. Idan da kwale-kwale za a fita, mutane su fara shiga, kada a cika shi. Mun tuna da Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari, inda kwale-kwale ya kife a watan Afrilu na 2022, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara da matasa masu zuwa neman itace. Ba lokacin ambaliya ba ne ma, amma ruwa bai bar su ba.

Doka ta ƙarshe: wanda ya fita, kada ya koma domin kaya. Sai ruwa ya janye, an duba bango, an kuma lura da macizai.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Yaushe ruwa ya taɓa shiga ƙauyenmu, ta ina ya biyo?
2. Wane tudu ne mafi kusa, minti nawa tsohuwa za ta yi kafin ta kai?
3. Su wane ne gwauraye, marayu da tsofaffi da ba su da mai ɗaukarsu? Wa zai kula da kowannensu?
4. Wane kaya ne zai fi yi mini wuyar bari, don me?

Aikin gida

Cikin makon nan kowane gida ya haɗa jakarsa. Da dare a kashe fitila, mai gida ya ce, "Ruwa ya zo!" A duba ko kowa zai fita da jakar cikin minti 5. Ranar Lahadi mai zuwa a zo a faɗa wa 'yan'uwa abin da aka manta, da wanda aka bari a baya.