Darasin Wata: Komin Dabbobi da Kurciyoyi Biyu

'Yan'uwa manoma, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, hankalin kowa ya koma ga Kirsimeti. Darasinmu na wannan wata yana cikin Bisharar Luka, sura 2, aya 1 zuwa 24. Kowace ƙungiya ta karanta shi a taronta kafin a buɗe littafin kuɗi.

Ƙidayar da Kaisar Augustas ya umarta ita ta ta da Yusufu da Maryamu daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar fiye da kilomita 100, ga Maryamu kuwa da tsohon ciki. Da suka isa ba su sami wuri a masauki ba. Luka bai ambaci wani mugun mai masauki ba, ko da yake yaranmu suna jin daɗin nuna shi a wasan Kirsimeti. Abin da ya maimaita har sau uku shi ne komi. Mu dai mun san komi, gama a ciki muke zuba wa shanun huɗa dusa da harawa. Ba macen da za ta kwantar da ɗan farinta a ciki in tana da wani wuri. Duk da haka shi ne alamar da mala'ika ya ba makiyaya, mutanen da ke kwana a fili suna tsaron garke, domin su gane Mai Ceto.

Akwai kuma ayar da muke yawan tsallakewa, watau aya 24. Bisa ga Shari'ar Musa, a Littafin Firistoci sura 12, macen da ta haifi ɗa namiji, in ta cika kwana 40, sai ta kawo ɗan rago bana ɗaya tare da kurciya ko ɗan tattabara. Wadda ba ta da halin rago an yardar mata ta kawo tsuntsaye biyu. Hadayar talaka ke nan, ita ce kuwa Maryamu da Yusufu suka kai Haikali a Urushalima. Wanda ya taɓa ganin ranar suna ta matso ba shi da kuɗin rago ya san nauyin wannan aya. Sun tsaya a gaban firist da 'yan tsuntsayensu, kowa yana gani, ga Ɗan Allah a hannunsu.

Wannan ba tsautsayi ba ne. Fadar Hirudus tana nan a Urushalima, ba nisa da Baitalami, amma Allah ya wuce ta. Ya zaɓi ya shigo duniya ta ƙofar da kowane talaka zai iya bi ba tare da dogari ya tsare shi ba. Ba muna cewa talauci tsarki ne ba. Da haka ne, da ba mu damu da taki da iri mai kyau da rijiya ba. Abin da komin nan yake koya mana shi ne, Allah ba ya jin kunyar mai ƙaramin hannu.

Manzo Bulus ya yi maganar nan a 2 Korantiyawa sura 8. Ya tuna musu cewa Ubangiji Yesu mawadaci ne, amma ya talauta saboda su, domin su wadata ta wurin talaucinsa. Mu lura da dalilin da ya sa ya faɗa. Gudummawa yake tarawa domin matalautan masu bi na Urushalima, yana so yalwar waɗansu ta cika rashin waɗansu, a sami daidaito. Ashe labarin haihuwar Almasihu yana da ruwa da littafin ma'ajinmu.

To, yaya abin yake a ƙungiyoyinmu? Sau da yawa mai buhu goma ne ke magana a taro, gwauruwa mai kawo mudu biyar tana can bakin ƙofa, ba a tambayarta. In takin zamani ya zo, sai a fara da masu manyan gonaki, wai su ne za su iya biya. Kunya kuma takan sa maigida ya sayar da dawarsa da arha a watan Disamba domin a ga iyalinsa da sabon zane a sujada, sa'an nan a tsakiyar damina ya saye ta da tsada, ko ya ci bashi. Laifin ba nasa kaɗai ba ne. Idanunmu yake tsoro.

Bayan karatu, magatakarda ya karanta sunayen waɗanda suka daina zuwa taro bana saboda sun kāsa biyan kuɗin wata. A zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su je gidajensu kafin ranar 25 ga wata, su gaishe su, su ji abin da ya rage a rumbunsu. Batun bashin a bar shi sai taron Janairu, sa'ad da su ma suna zaune tare da mu.