Inda ya kamata kwafin aikinka ya kwana idan kana Birnin Gwari

*Malam, ina da shagon buga takardu da ɗaukar hoton fasfo a cikin garin Birnin Gwari. Ni nake buga wa wasu makarantu takardun jarrabawa da sakamakon ɗalibai, ga kuma rajistar wata ƙungiyar manoma a hannuna. Kwanan baya laftof ɗin wani abokin sana'ata ta ƙi tashi, mai gyara ya ce faifan cikinta ya mutu, aikin shekaru ya tafi. Tawa an raba ta gida biyu, C da D, kuma a D nake zuba komai. Wani ya ce in ɗora komai a intanet in huta. Wanne ya fi?*

Allah ya mayar wa abokin naka da alheri. Kai kuma, ɗan'uwa, gara da ka yi tambayar tun kwamfutarka na numfashi, domin halin da kake ciki bai bambanta da nasa ba.

C da D ɗin da kake gani, a yawancin laftof, faifai ɗaya ne. Ɗaki ɗaya ne aka ja masa labule a tsakiya. Amfanin rabon shi ne idan Windows ta rikice aka yi wa C fomatin, abin da ke D zai tsira, shi ma in mai gyaran ya lura da abin da yake dannawa. Amma ranar da faifan kansa ya mutu, ko wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona shi, ko aka ɗauke laftof ɗin, C da D tare za su tafi. Kwafin ajiya sai ya fita daga cikin kwamfutar ya koma wani abu daban da za ka iya cirewa ka sa a aljihu.

Shawarar intanet kuwa, a Kaduna ko Kano ba zan yi musu da ita sosai ba. A Birnin Gwari ina da ja. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021, gwamnatin jihar Kaduna ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomi saboda matsalar 'yan bindiga, Birnin Gwari na cikinsu. Kusan wata biyu ke nan babu kira, babu data. Wanda duk takardunsa ke intanet a lokacin, yana da su, amma ba ya iya kai hannu gare su. Ko yau da al'amura suka lafa, har aka sake buɗe kasuwar kara a ƙarshen Nuwamban 2024, kowa ya san yadda sabis yake in aka nufi Kuyello ko Dogon Dawa ko Randagi. Ga kuɗin data. Ga kuma cewa OneDrive, wanda manhajar Windows Backup ta Windows 11 ta dogara da shi, gigabait 5 kawai yake bayarwa kyauta, abin da hotunan biki biyu za su cinye. Don haka intanet ta zama ta uku a lissafinka, bayan faifan waje biyu da zan yi maka bayaninsu, ka riƙa jefa mata ƙananan takardun da ba su da madadi duk ranar da sabis ya yi kyau.

Abin da za ka dogara da shi yana cikin kwamfutarka tuni, ba sai ka sayi manhaja ba. Sunansa File History. Microsoft ta kawo shi tare da Windows 8 a 2012, kuma yana nan a Windows 10 da 11. Aikinsa shi ne ya kwafe fayilolinka zuwa faifan waje, bayan haka ya riƙa duba waɗanda suka canja yana ajiye sabon zubinsu ba tare da ya goge tsohon ba. Wannan ne ya sa ya fi kwafin da ake yi da hannu. Ka ɗauka ka buga sakamakon aji uku a kan fayil ɗin aji biyu, ka adana, ba ka farga ba sai bayan kwana huɗu da shugaban makaranta ya aiko. Da kwafin hannu kake yi, wataƙila ka riga ka danne mai kyan da maras kyan. File History zai ba ka fayil ɗin yadda yake kafin ka yi kuskuren.

Ka sayi faifan waje mai jonawa ta USB, wanda girmansa ya ninka abin da kake da shi aƙalla sau biyu, saboda tsofaffin zubi suna cin wuri. Kada ka yi wannan aiki da filash ɗin da kwastomomi ke kawowa ko wanda kake yawo da shi shago-shago. Shi ne babbar hanyar bairos ɗin nan mai ɓoye folda ya bar maka gajerun alamomi a madadinsu. Faifan ajiya ba ya shiga kwamfutar kowa sai taka. Game da iri kuwa, tsohon samfurin yana da faranti mai juyawa a ciki, ya fi araha, amma faɗuwa ɗaya daga kan tebur yana cikin aiki na iya kashe shi. Sabon samfurin, SSD, ba shi da abin da ke motsi, don haka ya fi jure jijjigar mota da babur. In kana yawan bin hanya da shi, ƙarin kuɗin bai tafi a banza ba.

Ka jona faifan, ka buɗe Control Panel, ka shiga System and Security, sai File History. Zai nuna maka faifan da ya gani, ka danna Turn on. Kwafin farko kan ɗauki lokaci, sai ka fara shi lokacin da batirin sola ya cika ko janareta ke da mai. A gefen hagu akwai Advanced settings, inda za ka zaɓi tazarar kwafi. Yana zuwa a kan awa-awa, ana iya rage shi zuwa minti 10 ko a mayar da shi sau ɗaya a rana. A nan kuma ake faɗa masa tsawon lokacin da zai riƙe tsofaffin zubi. In ka bar shi yadda ya zo, ba ya goge komai har faifan ya cika ya tsaya. Ni na fi son a sa masa shekara ɗaya, domin aikin makaranta zango-zango yake tafiya, kuma sau da yawa sai an zo zango na uku ake neman abin da aka buga a na farko.

Yanzu ga wurin da ya shafe ka kai tsaye. File History ba ya kwafe duk abin da ke cikin kwamfuta. Yana bin Documents, Pictures, Music, Videos da Desktop ne, da duk foldar da aka shigar cikin abin da Windows ke kira Libraries. D ɗinka ba ya ciki. Za ka iya kunna shi, ka ga ya rubuta cewa ya gama, hankalinka ya kwanta, alhali ko fayil ɗaya na makarantun nan bai taɓa ba. Maganin shi ne ka je kan kowace folda a D, ka danna ɓangaren dama na linzami, ka zaɓi Include in library. A Windows 11 sai ka fara danna Show more options kafin ya fito. Ita ma Downloads kada ka ɗauka tana ciki sai ka duba da idonka. Haka nan idan kana da manhajar lissafin maki ko ta ciniki, yawancinsu a cikin foldarsu ta kansu suke ɓoye bayanai. Ka nemi inda ake fitar da kwafi a cikin manhajar, ka riƙa sauke shi a Documents duk ƙarshen mako. Su kansu manhajojin da Windows ɗin ba a kwafe su, amma waɗannan mai gyara zai iya sake zuba maka su a yini ɗaya.

Kada ka bar faifan a jone dare da rana. Tsawar damina ko hawa da saukar wutar janareta za su iya haɗa shi da laftof ɗin su ƙona, sannan bairos mai kulle fayiloli yana neman kuɗi yana bin duk faifan da ya samu a jone. Ka jona shi dab da tashi daga shago, ka danna Run now, ka jira ya gama, ka cire shi ta hanyar da ta dace, ka tafi da shi gida. A lokacin hunturu ka sa shi a leda mai zif saboda ƙura, kuma kada ka bar shi a mota cikin rana.

Faifai ɗaya bai isa ba, shi ma yana mutuwa. Sai dai File History faifai ɗaya yake riƙewa a lokaci guda, musanya masa biyu kan kawo ruɗani. Ka bar masa nasa, na biyun ka riƙa kwafe manyan foldojinka a kansa da hannu sau ɗaya a wata, cikin folda mai ɗauke da kwanan watan. Wannan na biyun ya zauna a wani gida daban, in da hali ma a wani gari, wajen ɗan'uwa a Kaduna ko Funtuwa. In za ka bi hanyar Buruku da Udawa, kada laftof da faifanta su kwana a jaka ɗaya.

Akwai abin da mazaunin Birnin Gwari zai fahimta fiye da wanda ya rubuta littafin koyon Windows. Rajistar makaranta tana ɗauke da sunayen yara, unguwanninsu da lambobin iyayensu. Ta ƙungiyar manoma tana nuna wanda ya noma buhu nawa da wanda ya karɓi bashi. A yankin da aka sha fama da satar mutane don kuɗin fansa, irin wannan faifai in ya faɗa hannun da bai dace ba, asarar ta wuce ta fayil. Kuma File History ba ya kulle abin da ya kwafa, duk wanda ya jona faifan zai karanta. Idan Windows ɗinka Pro ce, kamar yawancin kwamfutocin gwanjo da suka fito daga ofisoshin Turai, ka danna dama a kan faifan ka zaɓi Turn on BitLocker, ka sa kalmar sirri. Zai ba ka mabuɗin gaggawa mai lamba 48. Ka buga shi a takarda, ka ajiye tare da takardun gida ko na gona. In ka manta kalmar sirrin kuma takardar ta ɓata, babu mai gyaran da zai buɗe maka shi. Ka kuma tuna cewa sai ka buɗe faifan da kalmar sirri kafin File History ya iya rubutu a kansa. Windows Home ba ta iya kulle faifan waje da BitLocker, sai dai ta buɗe wanda aka riga aka kulle.

Sai gwaji, wanda yawancin mutane ke tsallakewa. Yau ɗin nan ka rubuta wata 'yar wasiƙa a Documents, ka danna Run now, ka goge ta, sannan ka shiga Restore personal files. Kibiyoyin hagu da dama suna kai ka ranaku daban-daban, koren maɓallin tsakiya shi ke dawo da abin da ka zaɓa. Ka leƙa ka tabbata foldojin D sun bayyana a wurin. Ka riƙa maimaita wannan duk farkon wata, domin kebul kan saki, faifai kan cika, kwafi ya tsaya shiru ba ka sani ba.

Idan tsohuwar Windows 7 ce a kwamfutarka, babu File History, sai Backup and Restore, shi ma a Control Panel yake kuma zai yi maka aiki. Masu Mac suna da Time Machine tun 2007. Ita Windows 10 Microsoft ta daina ba ta tallafi na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, don haka ko ba jima ko ba daɗe za ka canja kwamfuta ko ka sabunta. Ranar da ka jona faifan a sabuwar, kada ka yi gaggawar danna Turn on. Ka nemi ɗan akwatin da ke tambayar ko kana son amfani da tsohon kwafin da ke kan faifan, ka sa masa alama, ka zaɓi sunan tsohuwar kwamfutarka, ka dawo da fayilolinka tukuna kafin ka fara sabon aiki a kanta.