Bin Sawun Jonawa da Zarewar Kayan Na'ura a Jigon Linux: Nazari Daga Muhallin Kudancin Kano

Tsakure

Maƙalar ta bayyana yadda jigon manhajar Linux yake gane an jona wani kaya ko an zare shi alhali na'ura tana kunne, da yadda ake dasa masa madakatar bin sawu don adana shaidar abin da ya auku. An ɗauko misalai daga ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, sannan an gabatar da kalmomin fannu da za su iya ɗaukar wannan ilimi a Hausa.

1.0 Gabatarwa

A Kwanar Ɗangora da Tiga da Riruwai, sana'o'i da yawa sun rataya a kan waya ko ƙaramar na'urar POS: cirar kuɗi da tura shi, rajistar layi, cajin waya da tura fayiloli. Duk na'urar da ke aiki da Android a cikinsu tana kan jigon Linux ne, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a shekarar 1991. Idan na'urar ɗaukar hoton yatsa ko filashi ya yanke ana tsakiyar aiki, tambaya takan taso: mai aiki ne ya zare, ko igiya ce ta saki, ko wuta ce ta yi rawa? Amsar tana da nauyi, domin ita ke nuna wanda zai ɗauki asara, da kuma ko ya cancanci a ratsa dajin Falgore zuwa Kano neman mai gyara. Ƙurar hunturu da zafin bazara da sauyawa tsakanin wutar lantarki da janareta da sola duk suna ƙara yawan irin wannan yankewa.

2.0 Kalmomin Fannu

Tun bayan fitowar littafin Hausa Metalanguage a 1990, wanda Dalhatu Muhammad ya tace, manazarta suka saba da bin hanyoyi biyu: aro tare da hausantarwa, ko faɗaɗa ma'anar kalmar gida. A nan an fi karkata ga ta biyu. An zaɓi "jigo" ga ɓangaren manhaja da ke tsaye tsakanin kayan ƙarfe da sauran manhajoji, bisa la'akari da jigon ban-ruwa na lambu, wanda nauyin aikin duka yake kansa. An kauce wa "ƙwaya" saboda ma'anar magani da ta mamaye ta. "Jona-zare" na nufin haɗa kaya ko raba shi da na'ura tana kunne. "Bin sawu" shi ne rubuta abin da jigo ya aikata daki-daki tare da lokacinsa, "madakata" kuwa ita ce gurbin da aka tanada a cikin umarnin jigo don yin wannan rubutu. An bar "direba" a matsayin aro, tunda masu gyara sun riga sun karɓe shi.

3.0 Yadda Jigo Yake Gane Jona-zare

Idan aka cusa kaya a ramin USB, ma'aunin da ya fito a 1996, mahaɗar ramuka takan ga sauyin lantarki ta sanar da jigo. Jigo sai ya ba kayan lamba, ya tambaye shi bayanin kansa, wanda ya ƙunshi lambar kamfani da lambar samfuri, sannan ya nemo direban da ya dace. Daga nan yakan aika sanarwa zuwa manhajojin sama. A kwamfutocin Linux manhajar udev, wadda Greg Kroah-Hartman ya fara a 2003, ita ke karɓar sanarwar.

A manyan kwamfutocin ajiye bayanai kuwa, kaya irin su faifan NVMe suna hawa hanyar PCI Express ne. Direban pciehp shi ke lura da gurabensu, kuma yana bambance aukuwa kamar haka: kati ya shigo, kati ya fita, layin sadarwa ya tashi, layin ya faɗi, an danna maɓallin neman izini, ko wutar gurbin ta sami matsala. Jerin waɗannan aukuwa shi ne shaida. Idan layi ya faɗi sannan ya tashi cikin ɗan lokaci alhali kati bai bar gurbinsa ba, zato ya fi ƙarfi a kan lantarki ko mahaɗi mai sako-sako, ba hannun mutum ba.

4.0 Gazawar Kundin Saƙonni

Jigo yana da kundin saƙonni da ake karantawa da umarnin dmesg, inda yakan rubuta cewa kaya kaza ya yanke. Sai dai kundin yana da rauni uku. Na farko, zance ne da aka tsara don idon mutum, don haka idan masu rubuta jigo suka sauya lafazinsa, manhajar da ke tace shi takan ruɗe. Na biyu, girmansa ƙayyadadde ne, sabon saƙo yana shafe tsoho. Na uku, saƙonnin sassa daban-daban suna cakuɗe a wuri guda. Waɗannan dalilai ne suka sa ake buƙatar bayani mai gurabe tsayayyu, wanda manhaja za ta ƙirga ba tare da fassara ba.

5.0 Dasa Madakata

Tsarin ftrace, aikin Steven Rostedt da Ingo Molnar, ya shiga Linux 2.6.27 a 2008. Madakatun Mathieu Desnoyers suka biyo baya a 2.6.28, a ƙarshen wannan shekara. Dasa sabuwar madakata yana bin matakai huɗu.

Matakin farko shi ne bayyana ta da ƙa'idar TRACE_EVENT, wadda ke da sassa shida: suna, nau'in bayanan da za a miƙa, sunayensu, tsarin guraben ajiya, yadda za a cika guraben, da yadda za a nuna su ga mai karatu. Ga jona-zare, mafi ƙarancin abin da ya kamata a adana shi ne sunan rami ko gurbi da kuma nau'in aukuwa. Lokaci da lambar sarrafau jigo ne ke ƙara su da kansa.

Mataki na biyu shi ne sanya CREATE_TRACE_POINTS a fayil guda tak, domin kada a gina madakatar sau biyu.

Mataki na uku shi ne kiran madakatar a inda ya dace. Wannan ne ya fi buƙatar tunani. Ya kamata a kira ta da zarar direba ya tantance aukuwar, kafin ya fara kwance kayan daga tsarin. Idan aka jinkirta, kuma kwancewar ta maƙale, shaidar ba za ta taɓa rubutuwa ba.

Mataki na huɗu shi ne kunnawa. A ƙarƙashin /sys/kernel/tracing/events kowace madakata tana da fayil mai suna enable, rubuta 1 a ciki yana kunna ta. Bayanan suna taruwa a rumbu mai zagayawa, kowane sarrafau da nasa, ana kuma kwasar su ta trace_pipe. Madakatar da ba a kunna ba kusan ba ta cin komai, domin jigo yana tsallake ta ne kawai.

6.0 Abin Lura

Madakata alkawari ce. Ƙa'idar Torvalds ita ce sauyi a jigo kada ya karya manhajar da mutane ke amfani da ita. A 2011 an cire wani gurbi daga bayanan bin sawu, manhajar PowerTOP ta daina aiki daidai, dole aka mayar da mazaunin gurbin. Saboda haka duk gurbin da aka saka, a ɗauka zai daɗe. Haka kuma rumbun yana cikin ma'ajiyar wucin-gadi ne, idan wuta ta ɗauke gaba ɗaya ya tafi. A muhalli irin na Tudun Wada ko Kiru, wajibi ne a sami manhajar da ke kwashe shi zuwa faifai a kai a kai. A wayoyin Android, manhajar Perfetto tana karanta bayanan ftrace, amma ƙara sabuwar madakata sai wanda ke da ikon sake gina jigon, wato kamfanin da ya ƙera na'urar.

7.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa bin sawu yana mayar da gardamar "wa ya zare?" zuwa jerin aukuwa masu lokaci da za a iya dubawa. Ya kuma nuna cewa Hausa tana da kalmomin da za su ɗauki matakan wannan aiki. Abin da ya rage shi ne a gwada "jigo" da "madakata" da "jona-zare" a bakin masu gyaran waya da masu POS na waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, a tattaro kalmomin da su da kansu suke amfani da su, sannan a miƙa sakamakon ga sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'i domin daidaitawa.