Muzakarar Malamai ta Wayar Salula: Amfaninta da Ladubbanta

 

Ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi malaman da muka damƙa wa amanar ƴaƴanmu, na allo da na madarasa da na lakwal. Iyaye da dama sun kawo mana kuka cewa malaman yanzu ba su rabuwa da wayar salula. Kukan yana da gaskiya, amma wayar nan kamar wuƙa take, ana yanka ragon layya da ita, ana kuma yin ɓarna da ita. Muna so mu bayyana inda take zama alheri ga malami, da sharuɗɗan da ke tsare ta daga zama fitina.

Magabata suna kiran zaman da malamai ke yi suna bitar karatu a tsakaninsu da sunan muzakara, kuma sun sha wahala dominta. Imamu Buhari ya ambata cewa Jabiru ɗan Abdullahi, Allah ya yarda da shi, ya yi tafiyar wata guda zuwa ga Abdullahi ɗan Unaisu saboda hadisi ɗaya tak. A ƙasar Sakkwato, Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis, mata masu zuwa wurinta su ɗauki karatu su kai wa ƴan'uwansu a ƙauyuka. A nan Damagaram ma kakanninmu sun taka sayyada zuwa Borno neman Alƙur'ani, zuwa Kano neman fiƙihu. Malami bai taɓa wadatuwa da kansa ba.

To, mu dubi halin malamin yau. Saurayi ya gama makarantar horon malamai ta Askiya Muhammadu da ke nan Zinder, an tura shi wani ƙauye a ƙasar Tanut ko Gure, aji rumfar zana, yara sun cika ta, babu ɗakin littattafai, babu dattijon da zai tambaya. Tarukan ƙara wa juna sani da ake kira CAPED suna da amfani, amma ba kullum ake yin su ba, kuma zuwa wurinsu yana cin kuɗin mota. Jarrabawar da hukuma ta yi wa malaman kwantaragi a 2017 ta nuna cewa da yawansu suna bukatar ƙarin horo. Idan irin wannan malami ya fahimci wata mas'ala a karkace, haka zai dasa ta a zukatan yara shekara da shekaru, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A nan ne zaurukan WhatsApp da Facebook suka shigo. Da aka rufe makarantun Nijar a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, mutane da yawa suka gane cewa waya tana iya ɗaukar karatu. Malami yana ɗaukar hoton takardar shirin darasinsa ya aika, abokansa su gyara masa kafin gari ya waye. Wanda rubutu ke yi wa nauyi sai ya aika saƙon murya. A wani zauren malaman madarasa da muke ciki, wani matashi ya ce yaransa sun kasa gane lissafin kashi. Wani dattijo ya ba shi shawarar ya kawo tiya da gero cikin aji, ya nuna musu zakkar hatsin damina, tiya 1 cikin kowace tiya 10. Bayan mako guda ya dawo yana godiya.

Akwai kuma bukatar harshe. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a makarantar hukuma a nan Zinder, kuma a 2025 dokar ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Malamai suna bukatar su daidaita kalmomin da za su koyar da lissafi da kimiyya, kada na Magarya ya kira abu da suna ɗaya, na Mirya ya kira shi da wani.

Amma zauren da babu ladabi kasuwa ne. Ga sharuɗɗan da muke kira a kiyaye.

Na farko, tabbatarwa. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umarce mu da bincike kafin karɓar labari, kuma Ibnu Sirina ya gargaɗi mutane su duba daga wa suke ɗaukar addininsu. Duk hadisin da aka turo babu sunan littafi babu mai ruwaya, musamman mai yi wa wanda bai tura shi gaba ba barazana, kada malami ya kai shi aji. Haka ma ƙa'idar nahawu ko ta lissafi, a koma ga littafi.

Na biyu, jagora. Kowane zaure ya sami malami sananne wanda ake komawa gare shi in an yi saɓani, a kuma yanke lokacin muzakara, misali daren Alhamis bayan lisha.

Na uku, amanar yara. Haramun ne a ɗauki hoton yaro ko takardarsa a watsa don a yi masa dariya. Haka nan fitar da tambayoyin jarrabawa ha'inci ne, ko da an kira shi taimako.

Na huɗu, rufin asirin mai tambaya. Wanda aka kunyata sau ɗaya ba zai sake tambaya ba, sai ya koma ya koyar da kuskurensa. An ruwaito cewa Imamu Maliku, duk da girmansa, ya sha amsa tambaya da cewa bai sani ba. A kuma nisanta zauren daga gardamar ƙungiyoyi da ta siyasa.

Na biyar, haƙƙin lokaci. Sa'o'in aji na yara ne, don su ake biyan albashi. Muzakara tana da lada, amma ba a lokacin da aka ɗauke daga haƙƙin wani ba.

Na shida, waya ba ta maye gurbin durƙuso gaban malami. Mafitar haruffa da tarbiyya daga baki da ido ake ɗaukar su.

Mu jama'ar masallaci ma muna da rabonmu. Masallacin da ke da faifan hasken rana ya bar malamin ƙauye ya caja wayarsa. Kwamitin iyaye ya taimaka masa da kuɗin intanet, ko jika ɗaya ce a wata. Manyan malaman Birni da Zango su ba da awa guda a mako su amsa tambayoyin ƙanana, a kuma buɗe wa malamai mata zaurensu ƙarƙashin malama masaniya. Gyaran malami ɗaya gyaran aji ne gaba ɗaya, kuma ƴaƴanmu ne ke cikin ajin.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya tsare mu daga wanda ba ya amfani.