Tsuntsaye Abokan Manomin Auduga

Manomi, ga bazara ta zo. Kafin ka ɗauki fartanya, ɗaga kai ka dubi itatuwan garinku. Shamuwa ta dawo, tana ɗibar ƙirare tana gyara sheƙarta. To, ka san ma'aikaciya ce ta zo maka, wadda ba ta neman lada.

Shamuwa

Da rani shamuwa tana can kudancin Afirka, wajen Zambiya da Zimbabuwe. Takan iso ƙasashen Nijar da Cadi da arewacin Kamaru wajen watan Afrilu ko Mayu, gab da faɗuwar ruwa. Takan yi sheƙa a kan tsamiya, ko kuka, ko gawo, wani lokaci har bisa ɗaki. Ƙwai biyu ko uku take yi, ta kwanta a kai kamar kwana 30. Da an ƙyanƙyashe, uwa da uba sai su yi ta jigilar fara da tsutsa suna ciyad da 'ya'ya. Lokacin nan ne audugarka take tsirowa, lokacin kuwa da fara ta fi yi mata ɓarna.

Sauran abokanka

Belbela tana bin shanun noma, tana tsince ƙwarin da garma ta tono. Tsattsewa tana kama masu tashi. Mujiya, wadda mutane ke tsoro, ɓera ne abincinta da dare. Amma jan baki dabam ne, gero da dawa yake ci. Shi kam a kore shi.

Abin da za ka yi

1. In kana sharar gona, kada ka sare itacen da ke da sheƙa. Gawo kuwa ka bar shi ko yaushe. Da damina yake zubad da ganye, ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma taki ne.
2. Ka kwaɓi yara, su bar kwasar ƙwai da harbi da danƙo.
3. Ka ajiye ruwa a kasko cikin inuwa, ka riƙa sake shi kullum.
4. In za ka ƙone shara, ka tara ta nesa da gindin itace.

Hattara da maganin feshi

Tsuntsun da ya ci farar da ta sha magani, shi ma ya sha. Maganin DDT ya sa ɓawon ƙwan tsuntsaye ya yi laushi a ƙasashe da yawa, har ƙwai ya riƙa fashewa a sheƙa. A 2001 ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a Sitokholm ta hana aiki da shi a gona. A 2011 aka haɗa da endosulfan, wanda dā ake fesa wa auduga. In wani ya kawo maka irin waɗannan a kasuwa, kada ka saya. Kada ka wanke famfon feshi a tafki, kada kuma ka yar da gwangwanin magani a fili.

Ka tuna, tsutsar da ta riga ta huda ɗan auduga ta shige, tsuntsu ba ya kai gare ta. Saboda haka ka riƙa zaga gonarka kowane mako, kana duba ganye da fure. In ka ga tsutsa, nemi malamin gona ya gaya maka irin magani da gwargwadonsa. Tsuntsu ya yi nasa, saura naka.