Darasin Kimiyya: Shinkafa Mai Dusa da Matsayinta a Ciniki

Ɗauki ƙwayar shanshera ɗaya, irin wadda manomin fadama a Bodinga ko na gefen madatsar ruwa ta Shagari ke casawa, ka murza ta tsakanin yatsunka. Abin da zai fara ɓarewa shi ne ɓuntu, wato busasshen ɓawo mai kaushi wanda ba a ci. Nauyinsa ya kai kusan kashi 20 cikin 100 na shanshera. A ƙarƙashinsa akwai wata siririyar riga mai launin ƙasa-ƙasa, ita ce dusa, wadda ta kai kashi 8 zuwa 10. A gindin ƙwayar akwai ɗan idon da tsiro ke fitowa daga cikinsa. Sauran kuwa farin ciki ne, kusan duka sitaci.

To, shinkafa mai dusa ita ce wadda aka cire wa ɓuntu kawai, aka bar mata dusarta da idonta. Idan aka ci gaba da surfe har dusar ta fita, ta zama farar shinkafa. Kowace iri ce, FARO 44 ko jar shinkafar gargajiya ta Afirka, sai ta bi ta wannan mataki kafin ta yi fari.

A nan ɗalibai kan ruɗe. Shinkafar da mata ke gumawa takan fito da launin rawaya-rawaya, sai a ɗauka ita ce mai dusa. Ba haka ba ne. Gumi shi ne a jiƙa shanshera, a turara ta, a shanya, tun ɓuntunta na jikinta. Zafin yana tura wasu sinadarai daga dusa zuwa cikin ƙwaya, yana kuma ƙarfafa ta don kada ta kakkarye. Bayan haka ana iya surfe ta sarai. Launi bai isa shaida ba; abin dubawa shi ne ko dusar na nan.

Me ya sa ba a cika ganin mai dusa a kasuwannin ƙauye ba? Amsar tana cikin inji. Ƙaramin injin da aka saba da shi yana da dunƙulen ƙarfe mai juyawa wanda ke goge ɓuntu da dusa a lokaci guda. Mai son shinkafa mai dusa yana bukatar inji mai gangunan roba biyu da ke juyawa da gudu daban-daban, su zare ɓuntu a hankali, kamar yadda ake ɓare gyaɗa. Kuma dole shansherar ta bushe har damshinta ya sauka zuwa kusan kashi 14 cikin 100.

Dusa tana da harza da mai da bitamin B1. A shekarun 1890, likita Christiaan Eijkman ya lura a tsibirin Java cewa kajin da aka ciyar da farar shinkafa zalla suna kamuwa da ciwo mai kama da beriberi, wato ciwon rashin bitamin B1, suna warkewa idan aka ba su wadda ba a surfe ba. Amma man da ke cikin dusar shi ne kuma matsalar shinkafa mai dusa. Da zarar an cire ɓuntu, man yakan fara lalacewa, shinkafar ta yi wari cikin watanni, balle a zafin bazarar Sakkwato. Shi ya sa manomi ke adana shanshera a buhu, ɗan kasuwa kuma ya fi son fara.

Yanzu ga ciniki. Hukumar Kwastan ta Duniya tana da tsarin lambobin kaya da ya fara aiki a 1988, Najeriya ma da shi take aiki. Shinkafa tana ƙarƙashin lamba 1006, an raba ta huɗu bisa yawan aikin da aka yi mata: 1006.10 shanshera, 1006.20 mai dusa, 1006.30 wadda aka surfe, 1006.40 kuma karyayyiya. Gumi ba ya fitar da ita daga rukuninta.

Wannan rabon yana taɓa aljihun manomi. Ƙasa mai masana'antun gyaran shinkafa takan sa wa farar waje haraji mai nauyi, ta sassauta wa mai dusa, domin ita akwai sauran aikin da injinan gida za su yi mata. A watan Yulin 2024, Ministan Noma Abubakar Kyari ya sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, kuma shinkafar da aka ambata a ciki mai dusa ce, lamba 1006.20. A ganina, manomin Shagari ya fi kowa bukatar sanin wannan lamba, domin masana'antar da ta samu mai dusa daga waje da araha za ta rage neman shansherarsa, farashin buhu kuma ya sauka a kasuwar garinsu.