Darasi: Namun dajin Termit da hanyar man fetur

Jama'a manoma da makiyaya, darasinmu na yau ya shafi dajin Termit da Tin-Tumma, can arewa da Gure. A shekara ta 2012 gwamnati ta mai da shi gandun namun daji, mai faɗin murabba'in kilomita wajen 97.000.

1. Abin da ke cikin dajin

Akwai mena, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu ta ci sunanta. Akwai kuma adaks, wata farar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho. Ita adaks takan yi watanni ba ta sha ruwa ba, danshin ciyawar da take ci ya ishe ta. Amma ba ta iya dogon gudu, kuma ɗa guda take haihuwa bayan ciki na kusan wata tara. Saboda haka in aka kashe uwa guda, garke yana daɗewa bai mai da gurbinta ba.

2. Abin da ya faru

A 2008 aka soma aikin man fetur na Agadem. Aka buɗe hanyoyi cikin rairayi, manyan motoci suka shigo. Ƙararsu ta kori dabbobin daga wuraren kiwonsu, hanyar kuma ta kai masu bindiga inda dā sai raƙumi ke zuwa. Dabbar da aka kora da mota takan faɗi don gajiya, ko ba a harbe ta ba. Wajen 2010 ana lissafin adaks kusan 200 a yankin. A 2016 masu ƙidaya, ta jirgin sama da ta ƙasa, uku kawai suka gani. A 2019 aka cire wuraren haƙar mai daga cikin gandun, a 2021 aka sake shata iyakarsa.

3. Abin da ya kamata mu yi

Kada mu sayi nama ko ƙaho ko ɗan barewa a kasuwa. In babu mai saye, maharbi zai bari. Direbobi su bi hanya guda, su daina korar dabba. Wanda ya ga masu farauta da mota ya sanar da mai gari ko ma'aikatan gandun daji. Dokar farauta ta 1998 ta haramta kashe mena da adaks.

Tambayoyin tattaunawa

a) Waɗanne namun daji ne tsofaffin garinku suka sani, waɗanda yau babu su?
b) In za a buɗe hanya ko a gina rijiya cikin dajinku, wa ya kamata a fara yi wa shawara?